Ɓarawo Ya Tafi Da Babur, Kada Ya Haɗa Da Zumuncinmu

  

A wannan karo za mu taɓo maganar da ba mu cika yi a taro ba sai ranar da ta faɗo mana: satar abin hawa. Wata za ta ce, "Mu mata ina ruwanmu da moto, tunda ba mu ke tuƙi ba?" To ƴar uwa, buɗe littafin bashi na ƙungiyarku ki duba. Rance nawa ne ya tafi ga sayen babur don ɗa ya yi kabu-kabu, ko amalanke da jaki na ɗibar ruwa, ko cikon kuɗin adaidaita? Namiji ne a bisa abin hawan, amma sau da yawa kuɗin mace ne ya saye shi. Ranar da aka sace, shi zai rasa abin hawa, ke kuma a bar ki da bashi.

Abin da ya same mu

Mu 28 ne a ƙungiyarmu, a wata unguwa cikin Maraɗi. Cikinmu akwai wata ƴar uwa da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, tana suyar ƙosai da safe a bakin hanya. Ta yarda mu ba da labarinta don wasu su amfana, sunanta kawai za mu sakaya. Da aka yi rabon asusu, ta haɗa rabonta da kuɗin raguna biyu da ta yi kiwo, suka tashi jika 200. Ta ranci jika 150 a ƙungiya, ta sayi babur na hannu wurin wani dillali a kan jika 350, ta ba babban ɗanta ya shiga kabu-kabu. Yaron mai hankali ne, kowane dare yana kawo mata jika 2. An yi da ita za ta riƙa biyan jika 25 a wata har wata shida, tare da ɗan ƙarin da dokarmu ta tanada. Wata biyu ta biya ba fashi.

Wata Juma'a yaron ya ajiye babur ɗin a gefen masallaci cikin sauran babura, ya kulle wuya kawai, ya shiga sahu. Da aka sallame ya fito ya ga wayam. Ya zaga, ya tambaya, ba wanda ya ga komai. Da la'asar ya dawo gida a ƙasa, makulli a hannu, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, an ɗauke moton."

Abin da ya kamata su yi a wannan yammacin shi ne zuwa wurin hukuma. Ba su je ba. Takardun babur ɗin duka suna ƙarƙashin kujerarsa, ɓarawo ya tafi da su. Kart giris ɗin kuma sunan wani ne a kai, mutumin da ba su taɓa gani ba, domin dillali ya ce musu canza suna ɓata kuɗi ne. Ba ita ba yaron, babu wanda ya riƙe lambar jikin babur ko ta inji. Sai tsoro ya kama su: kada a je kai ƙara a ce ina shaidarku, magana ta juye a kan yaron. Sai da aka kwana biyar sannan wani kawunsa ya ja shi zuwa komisariya.

Sata ta biyu da ta uku

A cikin waɗannan kwana biyar aka yi mata ɓarnar da ta fi ta farko ciwo.

Wata ta kai ta wurin mai duba. Ya karɓi jika 15 da baƙin zakara, ya zana ƙasa, ya ce ɓarawon ba na nesa ba ne, dogo ne, yana shiga gidanta yana fita. Wace unguwa ce babu dogon saurayi mai shiga gidan maƙwabta? Zuciyarta ta tafi kan abokin ɗanta, ɗan maƙwabciyarta, wadda ita ma ƴar ƙungiyarmu ce, tana ma cikin masu riƙon makullan akwati. Ba ta faɗa da baki ba, amma ta daina gaishe ta. Kafin mako ya zagayo magana ta cika bakin famfo. Yaron da ake zargi ya daina fita, uwarsa ta aiko da makulli ta ce a ba wata, ita ta bar ƙungiya.

Sannan aka kira ɗan a waya. Wani mutum ya ce ya san inda babur yake, ya faɗi launinsa da irinsa, ya ce a aika masa jika 40 ya karɓo shi daga hannun waɗanda suka ɗauka, amma kada a gaya wa hukuma. Launi da iri kuwa duk wanda ya ji cigiyar da aka yi ya san su. Ta sayar da akuyarta, ta ranci ciko wurin ƙanwarta, aka aika. Daga ranar layin ya mutu. Idan aka haɗa da jika 10 da aka ƙone a mai ana yawon nema ƙauye-ƙauye, jika 65 suka bi bayan babur ɗin. Ga jika 100 na ƙungiya a wuyanta.

Sai ta daina zuwa taro. Mako na farko ta aiko da zubinta ta hannun yarinya, mako na biyu shiru, na uku shiru. Ba ƙin biya ba ne, kunya ce. Mu ma muna da namu laifin: mun yi mata jaje ran farko, kowa ta ce Allah ya mayar da alheri, muka koma harkokinmu. Babu wadda ta tambaye ta ko ta kai ƙara, babu wadda ta ce mata kada ta aika kuɗin nan.

Ranar da muka zauna

Shugabarmu, dattijuwa ce, ita ta ce ba za a buɗe akwati ba sai an je gidan. Mu huɗu muka tafi bayan magariba. Muka same ta zaune a tsakar gida, ko wuta ba ta hura ba. Tana ganinmu ta fashe da kuka ta ce, "Hajiya, ƙaƙa za ni yi? Wallahi ba ni da abin da zan ba ku." Shugaba ta zauna kusa da ita ta ce, "Ƙanwata, ba kuɗɗi muka zo biɗa ba. Ke muka zo biɗa. Taso gobe ki zo ki zauna wurinki, a yi magana gabanki, ba bayanki ba."

Taron washegari bai yi daɗi ba, ba za mu ɓoye muku ba. Wasu suka ce a yafe mata bashin gaba ɗaya, ai ba da gangan ta yi ba. Ma'ajiyarmu ta ce a'a, kuɗin nan ba na mutum ɗaya ba ne, akwai gumin mai tallan fura a ciki, akwai na mai wankau, akwai na wasu zawarawan masu riƙe da marayu su ma. In aka yafe yau, gobe wadda gobara ta ci wa kaya ko wadda tunkiyarta ta mutu me za a ce mata? Wasu kuma suka ce doka doka ce, ta biya kan lokaci ko a ci ta tara. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ya wahalar da mu shi ne ba mu taɓa rubuta komai a kan irin wannan rana ba, don haka kowace magana sai ta zama kamar ana so ko ana ƙin mutum ɗaya.

Ga abin da muka tsayar da ɗaga hannu. Uwar kuɗi ba a yafe ba: za ta biya jika 100 ɗin, amma jika 10 a wata har wata goma. Ƙarin da ya rage a kanta, jika 14, an yafe, ba tara. Da muka raba shi a kan mu 28 sai ya tashi dala ɗari ɗari, abin da ba ya hana kowa kwana. Daga asusun agaji aka ba ta jika 20 kyauta, da sharaɗin wake da mai za ta saya ta koma bakin kaskonta, domin ta ci jarin a cikin kwanakin nan. Malamai suna karantar da mu cewa a Suratul Baƙara an yi umarni da a saurara wa mai bashi idan yana cikin ƙunci, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a wannan surar dai, a kan rubuta bashi take. Mun yi ƙoƙarin riƙe duka biyun: sassauci da rubutu.

Saura maganar zargi. Shugaba ta tambaye ta a gaban kowa, "Kin gani da idonki? Akwai wanda ya gani?" Ta ce babu, faɗar mai duba ce. Da yamma dattijai biyu suka raka ta gidan maƙwabciyar, ta durƙusa ta nemi gafara. Ba a ranar zuciya ta sauko ba. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin baiwar Allah ta karɓi makullinta. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Babur dai har yau ba a gan shi ba. Ta gama biyan bashinta, yaron yana tuƙa babur ɗin wani yana kai masa kuɗi kullum, yana tara nasa kaɗan-kaɗan. Ƙungiya tana nan da mutum 28.

Idan ya faru, me za a yi ranar farko?

Daga abin da ya same mu, da abin da muka tambayo wurin masana, ga abin da muke so kowace ta riƙe.

Na ɗaya, a tabbatar sata ce. Wani lokaci ɗan uwa ne ya ɗauka bai faɗa ba, wani lokaci hukuma ce ta kwashe babura da aka ajiye ba daidai ba ta kai furiyar. A tambayi masu gadi da masu shaguna na wurin nan take.

Na biyu, a kai ƙara a ranar, ba gobe ba. A birni komisariyar ƴan sanda, a karkara wurin jandarma. Lambar kiran ƴan sanda ta gaggawa ita ce 17. Ba sai kin san ɓarawon za ki kai ƙara ba, ana karɓar ƙara a kan wanda ba a sani ba. A faɗi wuri da lokaci, iri da launi, lambar falaki, lambar jiki da ta inji, da duk wata alama ta musamman, kamar tsagewar kujera ko walda a wani wuri. Kada a fito sai an nemi takardar shaidar cewa an kai ƙarar, a adana ta kamar takardar gida.

Dalilin gaggawa a fili yake. Daga Maraɗi zuwa iyakar Ɗan Isa da Jibiya tafiyar kamar awa ɗaya ce a kan babur. Ƙwanni da Illela kusan a manne suke. Daga Matamai ko Magarya ma iyaka ba nisa. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai iyaka ta kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta daji ne da hanyoyin ƙasa, kuma kayan sata suna tsallakawa ta kowane ɓangare, daga nan zuwa can, daga can zuwa nan. Wanda bai tsallaka ba, a dare ɗaya ana iya wargaza shi a sayar da inji daban, ƙafafu daban. Kowace awa da aka yi ana kuka a gida, babur yana ƙara nisa.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Mun san a kan babura ƴan bindiga suke kai hari. Shi ya sa aka hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, aka kuma hana a sassan Tillaberi a farkon 2020. Mutanen Madarumfa da Gidan Rumji ba sai an ba su labari ba. Idan aka yi ɓarna da babur mai ɗauke da sunan ɗanki ko na maigidanki, takardar nan ta ƙara, mai kwanan wata da hatimi, ita ce za ta nuna cewa ya bar hannunku tun kafin ranar. Ko ba ki sa ran a gano shi, kai ƙara don ki kare gidanki.

Na uku, a baza labari ga masu ido a kan hanya: shugabannin ƴan kabu-kabu da sandikarsu, makanikai, masu faci, masu sayar da kayan gyara, masu sayar da mai a bakin hanya, mai unguwa ko mai gari. A tura hoto ta WhatsApp, a ba da cigiya a gidan rediyo. Amma a riƙe alama ɗaya ko biyu a ɓoye, kada a faɗa cikin cigiya. Duk wanda ya kira ya ce ya gani, a tambaye shi wannan alamar. In bai sani ba, kin san da wa kike magana.

Na huɗu, ko dala kada a aika wa wanda ba a gani ba. Mai cewa a turo kuɗi tukuna, kuma kada a gaya wa hukuma, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. A kai lambarsa wurin da aka kai ƙara. Haka kuma kada yaro ya bi kiran wani zuwa bayan gari shi kaɗai wai a nuna masa babur.

Na biyar, maganar asiransi. Da yawa muna zaton tunda an biya asiransi za a biya mu in an yi sata. Asiransin da doka ta wajabta, wanda mafi yawanmu muke yanka, na ɓarnar da abin hawanka ya yi wa wani ne, ba ya biyan sata. Na sata daban ake yankarsa, kuma ya fi tsada. Mai irin wannan ta san cewa dokar asiransi ta CIMA, wadda Nijar take ciki, awa 48 ta ba da don sanar da kamfani idan sata ce. A je da takardar ƙara, kada a wuce kwana biyun.

Na shida, idan an ga babur ɗin a hannun wani, kada a yi ihu, kada a tara samari. Mai yiwuwa shi ma saya ya yi bai sani ba. A lura da inda yake, a kira hukuma. Duka da ƙone wanda ake zargi laifi ne babba a gaban doka da gaban Allah, kuma sau nawa aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba? Mu iyaye mata mu ne za mu gaya wa ƴaƴanmu kada hannunsu ya shiga irin wannan. Wanda aka sace wa babur yana iya wayar gari a kurkuku saboda fushin minti biyar.

Tun kafin ya faru

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki sa a karanto miki lambobi uku: ta falaki, ta jikin babur da ta inji. Ta jikin galibi tana buge a ƙarfen wuya, ƙasan kan babur, ta inji kuma a jikin injin daga ƙasa. A mota da yawancin babura lambar jiki tana da haruffa da alƙaluma 17. A rubuta su a takarda biyu, ɗaya a ɗakinki, ɗaya a wurin wadda kika yarda da ita. Falaki ana cire shi da sukurdireba a minti biyu, fenti ana sakewa, amma lambar ƙarfe sai an goge ta, kuma gogewar ma tana barin tabo. Masu mota su sani ƴan sandan duniya na Interpol suna da rajistar motocin sata, da wannan lambar ake nema.

A ɗauki hoton abin hawan gaba da baya da gefe, da hoton kowace takarda. A yi fotokofi, a kai a buga hatimi, a ajiye a gida. Takardar saye da ta duwan su zauna a ɗaka. Wadda dole direba ya riƙa yawo da ita, kamar kart giris da asiransi, ta kasance a aljihunsa, ba ƙarƙashin kujera ba. Wanda ya bar takardu a jikin babur ya ba ɓarawo kaya har da shaidar mallaka.

Makullin wuya shi kaɗai ba ya tsare komai, ɓarayi sun san kansa. A ƙara da sarƙa mai kauri da kwaɗo, a ɗaure da ƙarfe ko ginshiƙi in akwai. Makanike yana iya sa ɓoyayyen makunni da ke yanke wuta, wanda mai babur kaɗai ya san inda yake. Masu hali, musamman masu adaidaita da mota, akwai na'urar bin sawu mai aiki da layin waya, tana nuna inda abin hawa yake. A kasuwa, asibiti, masallacin Juma'a da wurin biki, a ba mai gadi a karɓi tikiti. Dala ashirin ɗin da ake ƙyashi ita ce ta fi jika 350 araha. Da dare babur ya kwana cikin gida, ba a zaure ba. Amalanke ma a sa mata sarƙa, jaki da shanun huɗa a san alamarsu.

Sannan mu ja kunnen ƴaƴanmu ƴan kabu-kabu. Akwai satar da ba ta bayan ido ba ce: fasinja ya tsayar da yaro da dare, ya yi masa tayin kuɗi mai tsoka zuwa bayan gari, can abokansa suna jira. Kuɗin da ya wuce ƙa'ida abin tsoro ne, ba abin murna ba. Kada ya ci ko ya sha abin da baƙon fasinja ya miƙo masa. In kuwa an tare shi da makami, ya sauka ya ba su. Mu gaya musu da bakinmu tun yanzu: "In an tare ka, bar musu. Ba zan yi maka faɗa ba. Kai nake so ka dawo." Yara da yawa suna kokawa da ɓarayi ne don tsoron idon uwa da bashin da suka san ta ci. Bashi ana biyansa, rai ba a ranto shi.

Kada mu zama kasuwar ɓarawo

Akwai gaskiyar da ya kamata mu gaya wa kanmu. Ɓarawo ba ya sata sai don ya san akwai mai saye. Duk ranar da aka kawo mana babur ko injin babur a rabin kuɗinsa, ba takarda, ana cewa mai shi yana sauri ne, to mu tuna da ƴar uwarmu zaune a tsakar gida ba wuta. Sayen kayan sata da saninsa, ko ɓoye su, laifi ne a dokar Nijar, ana ɗaure mutum a kansa. Ko ba ki sani ba, ranar da mai kaya ya fito da shaidarsa za a karɓe, kuɗinki ya bi ruwa.

Kafin a biya kuɗin na hannu, a gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe, harafi da harafi. In an ga alamar guga ko sabon fenti a kan lambar, a tashi. A ga mai sayarwa ido da ido da katinsa na ɗan ƙasa, sunan ya dace da na kart giris. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, a kai a buga hatimi, sannan a canza suna. Kuɗin canza sunan da ƴar uwarmu ta yi tattali shi ne ya hana ta zuwa wurin hukuma har kwana biyar.

Abin da muka ƙara a dokarmu

Bayan wannan abu mun zauna mun rubuta sharuɗɗa biyar. Ba mu ce dole kowace ƙungiya ta kwafa ba, amma ku kai su taronku ku tattauna.

Ɗaya: duk mai neman rance don sayen abin hawa za ta kawo takardunsa taro, sakatariya ta rubuta lambobin uku a littafi, a ajiye fotokofi cikin akwati.

Biyu: ba a ba da rancenmu don sayen abin hawan da ba shi da takardu.

Uku: idan an yi wa ɗayarmu sata, mata biyu za su raka ta ko ɗanta wurin hukuma a ranar, kuɗin hawa daga asusun agaji.

Huɗu: da ta kawo takardar ƙara, ƙari ya tsaya daga ranar satar, a sake tsara biyan uwar kuɗi daidai ƙarfinta. Wannan haƙƙinta ne, ba alfarma ba, kuma haka za a yi wa kowa.

Biyar: ba a ambatar sunan kowa da zargi a taro ko a waje sai da shaida, shaidar kuma wurin hukuma za a kai ta.

Amfanin rubutawa tun ana zaman lafiya shi ne, ranar da abin ya zo ba a kallon fuskar kowa. Ba mai cewa an yi wa wance don ƙawar shugaba ce. Wadda abin ya sama kuma ba za ta ɓuya a ɗaka ba, domin ta san abin da ke jiranta a taro ba tozarci ba ne.

Tun da aka fara tafiyar Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe irin waɗannan ƙungiyoyi namu har suka bazu zuwa Damagaram, Tawa, Yamai da wasu ƙasashe ba kwaɗo uku na jikin akwati ba ne kawai, yarda ce tsakaninmu. Ɓarawon babur ba ya iya buɗe akwatinmu, amma in muka bar zargi da kunya suka shigo, mu da kanmu za mu ƙarasa masa aikin. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Aikin wannan mako kaɗan ne: kowace ta je gida ta rubuto lambobin nan uku, ta zo da su taro mai zuwa. Ƙungiyar da ta taɓa shiga irin wannan hali, ku aiko mana da yadda kuka warware ta hannun wakiliyarku, mu karanta wa sauran ƴan uwa su ƙaru.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da ƴaƴanmu, ya mayar wa waɗanda aka yi wa sata da mafi alheri, ya shiryi masu yi. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.